Ki Zo Ko Hannu Rabbana

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga uwata ta kaina, Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mustafa. Allah ya sauke ku lafiya a Ingila, ya haɗa ku da mutanen kirki, ya kare ku daga sanyin ƙasar da duk wani sharri da ke cikinta. Na cusa takardar a aljihun akwatinki na gefe, inda kika zuba magunguna, don na san nan za ki fara buɗewa. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki tura baki ki ce ai Baba ya san Larabci ya fi miki sauƙi. To ki daure ki bi ta a hankali, kalmar da ta fi ƙarfinki ki tambayi Mustafa, ai shi a Zariya aka yanke masa cibiya. Akwai maganar da in na faɗe ta da Larabci sai in ji kamar ta wani ce.

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna cin tuwo a falo, mamarki ta tambaye ki yaushe za ki fara zuwa hutu. Kika ce, "Mama, shekara biyu ko uku ba za ku gan ni ba. Duk aikin ƙarin da asibitin ya bayar zan karɓa, in tara, in gina wa Baba gida a Kano ya huta da motocin mutane." Mamarki ta ce Allah ya yi albarka. Ni kuwa na tashi na ce ruwa zan ɗauko, alhali ga ruwa a gabana. Kin zaci daɗi ne ya sa ni ƙwalla. Tsoro ne, uwata. Wannan maganar ni na fara yin ta, kusan kalma da kalma, a tsakar gidanmu na Fagge, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, kuma wadda na yi wa ita ce matar da kika ci sunanta.

Kin tuna tsohuwar waƙar nan ta baƙaƙen Amurka, ta kuɗi, wadda kullum kike ce mini, "Baba, don Allah ba ka gajiya?" Kwanan baya kin nemo mini ita a wayarki, muka zauna kina karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasanta. Ashe ba ni kaɗai ba ne mahaukacin. Wani ya ce tunda aka fara kiɗa a duniya ba a taɓa buga jita mai kaurin murya kamar wannan ba. Wata ta ce waƙar ta girmi uwarta amma kamar jiya aka yi ta. Wani ya zo da faɗa, ya ce munafunci ne, mawaƙan sun yi arziki da zagin arziki. Wani ya ba shi amsa da cewa to da yunwa kake so su rera? Muka yi ta dariya. Sai kika zo kan wani da ya rubuta cewa babansa ne ke sa ta duk ranar Asabar in yana wanke mota, yanzu baban ya rasu, shi kuwa ba ya iya jin ta har ƙarshe. Kika ce, "Allah sarki," kika wuce na gaba. Ni ban wuce ba. Kika tambaye ni, "Baba, kai da za ka rubuta naka, me za ka ce?" Na ce yatsuna sun yi wa wayar girma. To ga shi yau ina rubutawa, ke kaɗai nake so ki karanta.

Na sayi kaset ɗin waƙar ina saurayi, lokacin ina tuƙa motar haya tsakanin Kano da Kaduna. Kada ki zaci ban san abin da take cewa ba. Na yi sakandare, Turancina ya isa in gane cewa gargaɗi ce daga farko har ƙarshe, cewa son abin duniya yana juya wa mutum hali har ya manta da nasa. Na sani sarai. Amma kiɗan nan, uwata! In jitar nan ta fara takawa sai ka ji kamar kai ne mai garin, kamar aljihunka ya yi nauyi ko da kobo babu a ciki. Da ita nake wanke mota, da ita nake taje suma. Inna kuwa ta tsane ta. Daga madafi za ta ɗaga murya ta ce wa ƙanena Sabi'u, "Kai, ce wa wancan ya rage mana kiɗan aljanun nan, kajina sun daina ƙwai."

Wancan, haka take ce mini. Ko "yayanku", ko "mai motar". Ni ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ma yawan yi masa magana kai tsaye. Ke da kika tashi a unguwar Suwaidi nan Riyad, inda uwa ke rungume ɗanta a bakin titi tana habibi habibi, za ki ga abin kamar rashin so. Kunya ce, kuma son yana nan a ƙarƙashinta, sai dai a ƙoƙon abinci kake ganinsa, ranar da ka tarar da naman da ba na kowa irinsa. Har na girma na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Ranar da zan taho Saudiyya na tsuguna a gabanta na ce, "Inna, shekara biyu kacal. In na dawo sai na rushe ɗakin nan na ƙasa na yi miki na siminti." Ta kalli gefe ta ce wa bango, "Allah ya tsare." Rikodata da kasakasaina na bar su a ɗakina, don jakata ta cika.

Da na iso Riyad aka ba ni bas ta kamfanin gine-gine, ina kwasar ma'aikata daga masaukinsu in kai su wurin aiki, in dawo da su da yamma. Wata na uku na ci karo da waƙar a wani shago a Batha, na saye ta ban ko yi ciniki ba. Lokacin garin nan ba kamar yanzu yake ba, ba a sakin kiɗa a titi. In na hango danja sai in rage murya, in mun fita bayan gari in sake ta. Mutum talatin ne a bayana, daga ƙasa kusan bakwai, kuma kowa da ra'ayinsa, sak irin na mutanen wayarki. 'Yan Filifin masu haɗa wuta su ne 'yan amshi, suna buga hular kwano da cokali. 'Yan Pakistan suna cewa in sa musu tasu. Wani Basudane mai suna Usman, babban magini, baƙi dogo mai dariya kamar tsawa, kullum sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya Haruna, waɗannan mutanen ba su taɓa aiki a rana ba. Wanda ya ƙoshi ne ke zagin fulus. Ƙara murya!"

Mutum ɗaya ne bai taɓa kaɗa kai ba, Malam Ilyasu, ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatun shari'a, yana zaune a Malaz. A masallaci muka saba, duk Juma'a nakan rage masa hanya. Ranar farko da ya ji ta ya ce in kashe. Na ce, "Malam, ai wa'azi ce," na fassara masa. Sai da muka wuce danja biyu sannan ya ce, "To na ji. Wa'azi ne aka ɗora wa ganga. Sai dai ina ganin kai gangar ka ɗauka, wa'azin ka bar wa masu shi." Na yi dariya na ce ustazai dai ba ku da dama. Da na tsaya na auna maganar nan a ranar, da ba na rubuta miki wannan takarda.

Ga kuskurena na farko. Bayan shekara biyu hutuna ya zo, ijaza kamar yadda ake cewa, da tikitin zuwa gida. Amma akwai wata hanya da kowa ya sani: kana iya cewa ba za ka je ba, a ba ka kuɗin tikitin da na hutun a hannu, ka ci gaba da aiki. Na ce wa kaina wata biyu zan zauna a Kano ina cin abin da na tara, gara in sayar da hutun in aika a fara sayen bulo. Na sayar. Da shekara biyu ta sake zagayowa ginin ya kai linta, saura kwano, na sake sayarwa. Kowane karo dalilina mai kyau ne, kuma kowane karo da sunan Inna na yi shi. Ita kuwa ba wanda ya tambaye ta ko ɗakin take so ko ɗanta.

Don haka ki ji ni da kyau. Za su zo miki da irin wannan a can, da fara'a, za su ce ki karɓi aikin sati, ki karɓi na ranar Sallah, ana biya ninki. Ban ce kada ki yi aiki ba, ni ɗan aiki ne, kuma aikin jinya ibada ne in an gyara niyya. Amma hutunki ba na sayarwa ba ne. Ba naki ne ke kaɗai ba ma balle ki sayar, akwai rabon mamarki a ciki, akwai nawa, akwai na mijinki. Ranar da kika ji kina cewa "don su nake yi", ki ɗaga waya ki tambaye mu ko mun aike ki.

Kuskure na biyu ya fi na farko ban kunya, don shi ba ma don Inna na yi shi ba, don idon mutane na yi. Kin san al'adarmu ta tsaraba. Wanda ya dawo daga Saudiyya ba ya shiga unguwa hannu na dukan cinya. Dabino, zamzam, turare, darduma, jallabiya, carbi, agogo, kowane gida sai an aika da nasa, har gidan da ba ku gaisawa. Wani ɗan layinmu ya taɓa dawowa da jaka ɗaya tak, matan unguwa suka sa masa Alhaji Ba Komai, sunan ya bi shi har kabari. Ni kuwa na rantse ba za a yi da ni ba. Na sayi wata ƙatuwar akwatin ƙarfe na ajiye a ƙarƙashin gado, duk wata in jefa wani abu a ciki. In na buɗe sai in ga ba na kawu wane, ba na gwaggo wance, in mayar in rufe in ce sai baɗi. Dabinon da na fara saya har ya yi tsutsa na zubar, na sayi wani.

Uwata, masu jiran tsarabarki ba su ne masu jiran ki ba. Mai jiran tsaraba in ya karɓa ya juya ta ya ga ba ta kai ta wane ba, gobe ya manta. Mai jiran ki ko ƙurar takalminki ya gani a bakin ƙofa ta ishe shi. Zumunci a ƙafa yake, haka iyayenmu suka ce, ba su ce a akwati ba. In 'yan'uwa sun dame ki da saƙo, a sayo wannan a turo wancan, ki yi abin da za ki iya da zuciya ɗaya, sauran ki ce babu, ba tare da kin ji kunya ba. In sun sa miki suna, su sa. Suna ba ya fasa kai.

Yanzu na zo kan wanda ban taɓa ba ki labarinsa ba. Mamarki ta sani, Malam Ilyasu ya sani, sai Allah.

A wancan zamanin ba waya a hannun kowa. Inna ba ta karatun boko, wasiƙa kuwa sai an nemi mai karantawa, don haka da kaset ake aiko da saƙo. A tara gida, a danna rikoda, kowa ya yi magana, a ba mai tahowa ya kawo. A shekarata ta biyar wani direba ɗan Kurna ya dawo daga hutu ya miƙo mini ambulan. Ina buɗewa na gane shi, kaset ɗina ne na waƙar, wanda na bari a gida, da rubutun hannuna a jiki. Maimakon Sabi'u ya sayi sabo, sai ya shiga ɗakina ya ɗauki wannan ya ɗora maganarsu a kai. Raina ya ɓaci tun kafin in sa shi. Ki duba wauta, ga shi ina da wani irinsa a mota, amma ina huci wai an goge mini kaya.

Na sa. Sabi'u ya yi sallama, ya ce an rufa ɗakin amma kwano ya yi tsada. Kawu ya ce yana gaisuwa, kuma agogon nan mai zinari-zinari kada a manta. Gwaggo ta ce turare. Ƙanwata ta ce bikinta ya matso. Aka yi ta yi, kowa gaisuwa layi ɗaya, buƙata layi uku. Can ƙarshe aka ce Inna ta yi magana. Na ji ta daga nesa, kamar ta juya wa rikodar baya, ta ce, "A gaishe shi. A ce masa muna lafiya." Shike nan. Na ce a raina, shekara biyar ina ƙonewa a rana, abin da zan samu ke nan? Na fizge kaset ɗin na jefa a aljihun mota, ban juya ɗaya gefen ba. Na ɗauka sauran waƙoƙin ne kawai a can.

Ya kusa shekara a wurin, tare da takardun mota da tsohon tocila.

Wata Laraba da hantsi aka kira ni ofis, aka ce ana nema na a waya daga Najeriya. Sabi'u ne. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Inna lokaci ya yi." Zazzaɓin kwana huɗu. Kafin in gama fahimtar abin da yake faɗa ya ce an riga an kai ta tun da safe. Akwatina na nan a ƙarƙashin gado, saura kaɗan ta cika. A saman kayan akwai wani bargo mai laushi ruwan toka da na saya mata, don an ce mini tana jin sanyi.

Ranar Juma'a Malam Ilyasu ya zo yi mini ta'aziyya. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna cikin bas, a inuwar wani gini. Na ce, "Malam, ina da muryarta, kalma takwas ce kacal, amma bari in ji." Na lalubo kaset ɗin na tura. Ashe a juye na sa shi. Sai jitar nan ta fara takawa. Na kai hannu da sauri zan kashe, don kunyar Malam da kunyar ranar, sai na ji ƙarar an danna wani abu, kiɗan ya yanke. Na ji kukan kaza, na ji numfashi kusa da rikodar. Sai muryarta, kusa, kamar tana zaune a kujerar bayana.

"To, ko ya kama? Na ga yaron nan maɓalli biyu yake dannawa tare. Duk sun fita, ni kaɗai ce."

Na haddace abin da ta faɗa, uwata, kamar yadda na haddace Fatiha. Ta ce, "Wannan kiɗan naka, in gidan ya yi shiru nakan sa shi ina shara. Kada ka gaya wa kowa. Ni ban san me suke cewa ba, amma na saurare su da kyau, mutanen nan ba murna suke yi ba. Kuka suke yi, ganga ce ta rufe shi. An ce mini wai kan kuɗi ne. In kan kuɗi ne, to ai sun faɗa maka, kai ne ba ka ji."

Ta yi tari, ta ci gaba. "Ɗakin ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma ban shiga ba, ina nan a nawa. Na ce sai ka zo ka buɗe da hannunka. Ka bar biye wa masu cewa a kawo a kawo. Ni ba dabino nake so ba, haƙoran ma ina suke? Ka zo ko hannu rabbana. Ka zo in gan ka." Sai ta yi shiru mai tsawo, har na zaci ta gama. Sannan a hankali, kamar mai taɓa abu mai zafi, ta ce, "Haruna. Ka ji ko, Haruna?"

Aka sake danna abin, waƙar ta dawo daga tsakiya, mawaƙan suna ta ihunsu.

Ban san tsawon lokacin da na yi da kaina a kan sitiyari ba. Malam Ilyasu, mutumin da ko ƙarar agogo mai kiɗa ba ya so, bai ce in kashe ba. Ya bar ta ta kai ƙarshe. Da na ɗago na ga gemunsa ya jiƙe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mayar da shi baya, mu sake ji." Da Usman ya ji labarin rasuwar, washegari a mota ya ce wa 'yan Filifin su ajiye cokulansu, kuma shi da kansa ya je wurin manaja ya tsaya mini har aka sa hannu a takardar tafiyata. Na je Kano bayan sati uku. Ni na buɗe ɗakin simintin da hannuna, kamar yadda ta ce. Ba kowa a ciki, sai warin sabon fenti.

Shekara guda saƙon nan yana nesa da gwiwata da taƙi biyu. Na bi ta titin Makka da shi, na bi ta Malaz da shi, safe da yamma. Ba nisa ne ya raba ni da uwata ba, ba kafilin da nake aiki a ƙarƙashinsa ba, ba iƙama takardar zama ba. Fushi ne, da gaggawa, da ganin cewa tunda ina aikawa na gama nawa. Da na sani ƙeya ce, uwata, a baya take.

Shawarar da ke cikin wannan ba ta da tsawo. In naki sun yi miki magana, ki saurara har ƙarshe, ki juya ɗaya gefen. Mu mutanen da ba mu iya faɗar abu a gaban jama'a ba. Mamarki za ta turo miki saƙon murya na minti tara, takwas a kan yadda ake ajiye daddawa kada ta dami maƙwabta, da wadda ta haihu, da wadda ba ta gaishe ta ba. Kada ki sa shi a gudu biyu kamar yadda na ga kina yi wa ƙawayenki. Abin da take son faɗa yana cikin minti na tara. Ni ma in na kira ki na ce miki ina tambaya ne ko kin sa rigar sanyi, ki sani ba rigar ce ta dame ni ba.

Kuma kada ki ce Baba ya koyi darasi daga ranar ya zama waliyyi. Ina! Bayan na samu aikin kula da motocin kamfani na kawo mamarki, aka haife ki, sai na koma 'yar gidan jiya ta wata ƙofar. Ranar saukarki ta Alƙur'ani, kina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina can hanyar Kharj wai mota ta lalace, alhali akwai wanda zan iya turawa, sai dai in na je da kaina akwai ɗan abin da ake ƙara mini. Na dawo da 'yar sarƙa a leda. Kika karɓa kika ce shukran Baba, kika ajiye a kan firji, ba ki taɓa sa ta ba. Kin yi daidai. Ban taɓa ba ki haƙuri ba, don bakin iyaye maza nauyi gare shi. Ki yafe mini. In Allah ya ba ku 'ya'ya, ki gaya wa Mustafa in ji ni, yaro ba ya tuna abin da aka sayo, yana tuna wanda ya zo.

Game da kuɗin kansu, ba zan yi miki ƙarya in ce ba su da amfani ba. Usman yana da gaskiyarsa, mai yunwa ba ya jin wa'azi. Su suka yi miki karatun jinya, su suka yi wa mamarki aikin ido. Ki nema, ki ci halal, ki fitar da zakka, ki riƙe wani abu a gefe don ranar da ba a fata. Kada ki raina wanda bai da shi, kada ki miƙe tsaye don wanda yake da shi in ba za ki miƙe wa malaminki ba. Tsakaninki da mijinki kuma kada albashi ya zama abin auna girma, ko naki ya fi ko nasa ya fi. Ni dai abin da na gani a shekarun nan shi ne, ba wanda kuɗi ya ce wa "ya isa, tafi gida". Kai ne za ka faɗa wa kanka, kuma ba za ka taɓa jin lokacin ya yi ba.

Gidan Kano kuwa, na gode, Allah ya saka miki da aljanna, amma ba na so. Ina da ɗakin siminti a Fagge, shekara ashirin da biyar yana jiran mai shiga, ya ishe ni ni da mamarki in mun koma. In kin matsa sai kin yi mana wani abu, ga abin da nake so: duk shekara, ko sati biyu ne, ki zo. In muna nan Suwaidi ki zo Suwaidi, in mun koma gida ki zo gida. Kada ki jira akwati ta cika. In na gan ki a filin jirgi da jaka fiye da ɗaya, wallahi a can zan bar ta, ki sani.

A ƙasan akwatinki, ƙarƙashin atamfofi, akwai bargo ruwan toka. Ya tsufa amma ba a taɓa rufa da shi ba, mamarki ta wanke ta turara. Na mai sunanki ne, an ce ƙasar akwai sanyi. Kaset ɗin kuma na ba Mustafa ya juye a waya tun satin jiya, na ce kada ya gaya miki sai kin karanta wannan. Ki ce ya sa miki. Za ki ji jitar ta fara, ki ɗan yi haƙuri da ita, kada ki wuce gaba. Duk ra'ayoyin da kika karanta mini, na masu yabo da na masu zagi, ba wanda ya kai na matar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya.

Tun ranar sunanki ban taɓa kiran ki da sunanki na yanka ba. Ummi nake cewa, ko uwata, don bakina ba ya iya ɗaukar sunan wadda ta haife ni. Ita ta daure ta kira nawa sau biyu, a rikoda, ni kuwa na makara da shekara guda. Ba zan bari sai a kaset ba, kuma ba zan sa shi a gefen da ba za ki juya ba.

Hajara. Ki zo in gan ki. Kin ji ko, Hajara?

Allah ya tsare hanyarki, ya tsare mutuncinki da addininki, ya sa albarka a hannun da za ki taɓa marasa lafiya da shi. Allah ya zaunar da ku lafiya ke da mijinki, ya sa ku fi ƙarfin abin da za ku samu. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya yafe wa ɗanta. Mamarki tana gaishe ki, ta ce kada ki manta yajin yana cikin robar man shafawa. Na ba ki amana ga Allah, wanda amanarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Haruna
Suwaidi, Riyad